Tambaya da Amsa: An Ƙwarzane Mini Mota a Wurin Fakin

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wadan Zariya. Sau biyu ke nan cikin wata uku ina ajiye motata kusa da kasuwar Sabon Gari, in dawo in tarar an ƙwarzane mini ƙofa, na ƙarshen ma har madubin gefe aka karya, kuma kowa ya ce bai gani ba. Ina da inshora. Shin za a biya ni? Yaya zan kare motar nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya kiyaye na gaba. Bari in fara da inshorar don kada ki sa rai a banza. Idan irin wadda yawancinmu muke yanka ce, wato wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a watan Janairun 2023, to ɓarnar da kika yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3, amma ba ta biyan wadda aka yi wa taki motar. Sai cikakkiyar inshora ke ɗaukar wannan, ita kuwa ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Maganin yana ga zaɓen wuri. Kowa yana son ya yi fakin a bakin ƙofar kasuwa, alhali nan ne mahaɗar 'yan baro da 'yan acaba da masu Keke Napep, kuma ɗan baron da ya ɗauko buhunan masara ba ya iya tsayawa nan take ko da ya so. A ganina, gara ki yi tafiyar minti biyar a ƙafa da ki kai mota wurin mai fenti. Ki nemi gefen katanga ko ƙarshen layi, domin gefe ɗaya kawai za a raɓe ki. Ki naɗe madubai, ki bar tazarar da maƙwabci zai buɗe ƙofarsa ba tare da ya buga taki ba, sannan ki shiga da ribas, tunda fita da baya cikin cunkoso ita ke cinye bamba. Idan akwai mai gadi, ki gaishe shi ya san fuskarki. Ɗan abin da za ki ba shi bai kai kuɗin madubi ba.

Inuwa ma a yi hattara da ita. Darbejiya tana da daɗi a zafin Afrilu, amma iskar farkon damina tana karya rassa, kashin tsuntsaye kuma yana cin fenti idan ya kwana biyu ba a wanke ba. Haka yaran da ke goge mota da busasshen tsumma a lokacin hunturu, ƙurar nan suke dirzawa a jikin fentin; ki ce musu su fara zuba ruwa.

Idan an sake gogar motar, ki ɗauki hotonta da na motocin da ke kusa, har da lambobinsu, kafin ki motsa ta.