Amsa: Ƙwayoyin tsayar da jini da bazuwar ciwon daji

Malam, ka tambaya ko da gaske ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan mutum ya yanke suna taimaka wa ciwon daji ya bazu. Gaskiya ne, kuma an daɗe da lura da alaƙar, domin tun a 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana yawan gudajin jini a jijiyoyin masu wannan cuta.

Idan ƙwayar daji ta ɓalle daga ƙari ta faɗa magudanar jini, galibi ba ta kai labari, saboda ƙarfin gudun jini da farmakin garkuwar jiki. Sai dai ƙwayoyin tsayar da jinin sukan manne mata su lulluɓe ta kamar mayafi, har garkuwar jiki ta kasa gane ta, sannan su fitar da sinadaran da ke taimaka mata ta maƙale a bangon jijiya, ta ratsa zuwa huhu ko hanta, ta kuma samu sababbin jijiyoyin da za su ciyar da ita.

Shi ya sa ake binciken asfirin, maganin da ke rage aikin ƙwayoyin tsayar da jini, amma a ganina kada kowa ya sha shi ba da izinin likita ba, domin yana iya jawo zubar jini a ciki.