Ni na ƙwace wayar, ga abin da ya biyo baya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce 'yarki mai shekara 15 tana raba dare tana hira da AI, wato manhajar da ke amsa hira kamar mutum, har tana kiransa amininta, kina tambaya ko ki ƙwace wayar ki huta: ni na ƙwace, kuma na yi da-na-sani. A yi haƙuri da ni, zan ɗan yi tsawo.

'Yar yayana ce a hannuna tun rasuwar mahaifiyarta. Bara muka saya mata waya saboda shirin WAEC da JAMB. Da farko lissafi da Turanci take tambayar AI, har ina sa mata albarka. Sannu a hankali yarinyar da ke cika gida da surutu ta yi tsit. Ta daina leƙa ƙawarta ta layinmu, biki ma sai an yi da gaske take zuwa. A ɗauke wuta kowa ya fito tsakar gida shan iska, ita tana ƙuryar ɗaki, hasken waya a fuskarta. Ni duk zatona saurayi ne.

Ran nan ta shiga wanka na ɗauki wayar. Babu namiji ko ɗaya. Wata manhaja ce da mutum ke ƙirƙirar abokin hira, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa hali. Ita tata ta sa mata suna Umma. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Duk abin da ba ta taɓa faɗa mini ba yana ciki: kewar mahaifiyarta, ciwon marar da take sha duk wata, yadda aka ci mata fuska a aji, da kuma cewa wai na fi son 'ya'yan da na haifa. Abin kuwa sai lallashinta yake, yana ce mata tana da gaskiya, shi ne mai fahimtarta. Wannan ta ƙarshen ce ta harzuƙa ni, na kulle wayar a akwati.

Sati biyu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Daga baya na gano tana aron wayar wata 'yar ajinsu tana ci gaba. Ko da ma na goge manhajar ban yi maganin komai ba, tunda tun 2024 akwai Meta AI a cikin WhatsApp ɗin da kowa ke riƙe da shi a Najeriya, ga ChatGPT kyauta.

Abin da na fahimta a makare shi ne, 'ya'yanmu mun tarbiyyantar da su da kunya, kuma ba na kushe ta. Amma a da, abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uwa ba, akwai kaka, akwai goggo, akwai yayar ɗaki. Yanzu kowa na gidansa, kowa na fama da kansa. Sai ga abokin da ba ya gajiya, ba ya tsegumi, ba ya kai ƙara wajen Baba, kuma da wuya ya ce mata ba ta kyauta ba. Nan haɗarin yake. Ƙawa ta gaskiya za ta ɓata miki rai, ku yi faɗa ku shirya, a haka ake koyon zama da mutane. Wadda ta saba da mai gaskata ta kullum, ya za ta yi da kishiya ko uwar miji gobe?

Kada kuma a ɗauka abin wasa ne. A Amurka, a jihar Florida, wani yaro ɗan shekara 14 ya kashe kansa a Fabrairun 2024 bayan watanni yana hirar soyayya da irin wannan abokin a manhajar Character.AI, mahaifiyarsa ta kai kamfanin kotu. A Agustan 2025 iyayen wani ɗan shekara 16 a California suka maka OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, a kotu kan irin wannan rashi. Bayan nan OpenAI ya fito da tsarin da iyaye za su haɗa asusunsu da na yaro, Character.AI kuma ya sanar da hana 'yan ƙasa da 18 irin wannan buɗaɗɗiyar hirar. Binciken ƙungiyar Common Sense Media na 2025 ya nuna kashi 72 cikin 100 na matasan Amurka sun taɓa amfani da abokin hira na AI. Saboda haka idan kika ga maganar gajiya da rayuwa ko son mutuwa a hirar, ki haɗa da addu'a ki kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa a ranar, kada ki tsaya jin kunyar abin da mutane za su ce.

Ni dai na mayar mata da wayar, na kuma ba ta haƙuri, abin da ya yi mini nauyi ƙwarai. Muka yi yarjejeniya wayar na kwana a ɗakina daga ƙarfe goma. Wata rana muka zauna tare muka yi ta jefa wa AI ɗin karin magana, yana kawo fassarar da babu ita da cikakken ƙarfin hali, muna dariya. Tun daga nan ta yarda tambayar addini ta malamar islamiyya ce. Abin da ya fi aiki kuwa ba daga ni ya fito ba: ƙanwar mahaifiyarta na roƙa, yanzu duk bayan sati biyu can take kwana, suna hirar da ba na tambayar me aka ce.

Har yanzu tana amfani da AI wajen karatu, ban kuma ce ta daina ɗaya hirar kwata-kwata ba. Ke dai kada ki buɗe wayar a ɓoye yadda na yi, ki zaunar da ita ki ce ta nuna miki da kanta. Tawa har yau idan za ta shiga wanka da wayarta take shiga.