Tambaya da Amsa: Ragowar fenti, wa zai kwashe?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Mun yi fentin gida kafin sallah sai rabin bokiti ya rage da wani gwangwanin mai sheƙin nan na ƙofa, maigida yace a tuttule a kwata kawai ni kuma raina bai kwanta ba. Ƙanina yace wai a ƙasar waje kamfanin da ya yi fentin ne ke karɓar ragowar, da gaske ne? Daga Maman 'yan biyu, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙaninki ya yi gaskiya, amma fa ba gida-gida suke bi ba. Lardin British Columbia na Kanada ya fara tun 1994, a Amurka kuma jihar Oregon ce ta fara kafa dokar a 2009, daga baya Kalifoniya da New York da wasu suka bi. Dokar tace duk mai yin fenti shi zai san yadda za a tattara abinda ya rage, sai kamfanonin Amurka suka haɗu suka kafa wata ƙungiya PaintCare, mutum ya ɗauki ragowarsa ya kai shagon fentin da aka ware ya ajiye ba ko sisi. Fenti na ruwa a tace shi a sake haɗa sabon fenti, na mai, wato mai sheƙin nan, kuma galibi ƙona shi ake a matsayin makamashi.

Toh amma kar ki ɗauka kyauta ce, akwai ɗan kuɗin da ake ɗorawa kan kowane gwangwani tun wajen saye, kenan mai saye ne ya biya, kamfani dai ya ɗauki wahalar. Ni dai a ganina hakan ma ya yi, don da a bar wa gwamnati gara a ɗora wa wanda ya ci ribar.

Mu nan hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da irin wannan tsarin, sai dai inda aka fi jin motsinsa robobin lemo ne da kayan lantarki da batura. Don haka dabara ta rage naki. Ki ba maigida haƙuri, kwata kam a'a, ruwan sama ɗaya zai kwashe shi sai kogin Kaduna inda masu lambu ke ban ruwa. Na ruwan ki goge bakin bokitin ki rufe gam ki sa a inuwa, zai yi miki amfani in yara suka zane bango, ko ki ba makarantar allo. In ya riga ya lalace ki zuba masa yashi ko dusar katako ya bushe tukun ki kai bola. Mai sheƙin ki ba mai fentin da ya yi muku aiki, ki nisanta shi da murhu don yana kama wuta.

Sai bokitin, na san idonki na kansa. Wanki da shara ba laifi, amma banda ruwan sha da jiƙon gero, haka gwangwanin, don wasu fentin mai musamman ja da rawaya akan samu dalma a ciki, kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. In gwangwanin ya bushe ki miƙa wa 'yan bola jari su kai Panteka.