Tambaya da Amsa: Ɓurɓushin Roba a Ruwa, Me Ya Kamata a Saya?

Tambaya daga wata uwargida a Kubwa: Mai tallar na'urar tace ruwa ya ce mini ruwan famfon Abuja cike yake da ɓurɓushin roba daga matatar ruwan ƙazanta, wai in ban saya ba yara za su cutu. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. In saya?

Hajiya, ki dakata tukuna, mai tallan ya gwamutsa miki magana. Ruwan famfo daga madatsar Usuma yake zuwa, can wajen Bwari. Ruwan ƙazantar cikin birni kuwa matatar Wupa yake tafiya, ta wajen Idu, in an tace shi a sake shi a rafi. Ba shi ake dawo miki da shi famfo ba.

Ɓurɓushin kam akwai shi. Duk robar da ba ta kai milimita 5 ba ita ake nufi, wata ma ido ba ya ganinta. Sai dai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba lamarin, ta ce hujjar da ke hannu ba ta nuna babban haɗari a ruwan sha ba, ta nemi a ƙara bincike, ta kuma ce ƙwayoyin cuta su ne abin fara yaƙa. Saboda haka in daga hannun 'yan ga-ruwa kike saye, taifot da amai da gudawa sun fi kusa da yaranki. Ki tafasa ruwa, ki sa a riƙa wanke tanki.

In da hali kina son na'ura, ba laifi. Mai matatar tangaran tana da araha, tana kuma tare manyan ɓurɓushi. Mai suna RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan huduji sosai, ta fi ta tsefewa, amma tana zubar da ruwa da yawa, kuma matatarta sai da canji. Ki fara tambayar kuɗin canjin, domin nan gizo ke saƙar. Kada kuma tsoro ya kai ki ga ruwan gora: a wani binciken 2018 an gwada gora 259 daga ƙasashe 9, aka samu roba a kashi 93 cikin ɗari.

Tambaya daga wani magidanci a Wuse: Zan saya wa iyali injin wanki, sai ɗana ya ce injin ne ke zuba roba a magudana. Wanne zan ɗauka?

Alhaji, yaron ya faɗi gaskiya, amma laifin na tufafi ne fiye da na inji. Jesin ƙwallo, bargon nan mai laushi, rigunan sanyin gwanjo da ake rububi in hunturu ya shigo, akasarinsu zaren roba ne. A 2016 masana a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun gano wankin kilo 6 na iya sakin zare sama da 700,000. Matatar ruwan ƙazanta mai aiki da kyau tana kama mafi yawansa, sai dai ba ɓacewa yake yi ba, a cikin laka yake kwantawa. In aka kwashe lakar aka kai gona a matsayin taki, robar ta koma ƙasa ke nan.

Ka ɗauki mai ƙofa ta gaba, bai kai mai buɗewa ta sama gurzar kaya ba. A tara wanki ya cika shi, a yi da ruwan sanyi. In kuma Hajiya za ta yanki yadi, ta zaro zare ɗaya ta kai shi bakin ashana. Auduga tana zama toka, da ƙauri irin na takarda. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri.

Wata mai jego daga Garki ta ce tishun jarirai mai danshi da ta saya an rubuta ana iya kora shi a masai.

'Yar'uwa, Allah Ya raya. Da yawansu da zaren roba a ciki, ba sa narkewa kamar tishun banɗaki, su ke toshe bututu da sokawe. A kwandon shara za ki jefa. In kina gida ma, ruwan ɗumi da tsumman auduga mai tsabta sun wadatar.