Dankalin turawa ya yi ganye amma babu 'ya'ya

'Yar'uwa, kin ce kin shuka dankalin turawa a bayan gidanki a Daura cikin watan Afrilu, ganye ya yi kore shar, amma da kika tona sai 'yan ƙanana kamar gurjiya. Hannunki ba shi da laifi, lokacin ne bai dace ba.

Dankalin turawa sanyi yake so, shi ya sa Jos ta yi suna wajen nomansa. Da zarar zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30, sai ya daina saka 'ya'ya. A wajenmu hunturu ake jira: ki shuka a Nuwamba, ki tona a Fabrairu, kimanin kwana 90.

Ki nemi iri mai girman ƙwan kaza wanda ya fara tsiro. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ki cakuɗa ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba. Ki tayar da kunyoyin shuka, ki bar tazarar santimita 30 tsakanin iri da iri. Ban ruwa akai-akai, amma kada ya kwanta.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tura ƙasa a gindinsa yana girma. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, rana ta doki 'ya'yan suka yi kore, na zubar da rabin kwando raina a ɓace. Koren nan guba ne, kada ki dafa wa yara.

In ganye ya fara yanƙwanewa alhali ƙasa da danshi, kada ki sayo magani da ka. Ki kai wa malaman gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, ganyen su duba.

In kuwa damina kike son shuka, dankalin Hausa ya fi jure zafinmu.