Amsa ga ɗana a kan horon duƙushi

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso ni, ina fata kana lafiya tare da iyalinka, kuma na yi murna da jin cewa duƙushin da ka samu yana cikin ƙoshin lafiya. Ka ce wasu da suka girme ka a harkar dawaki sun gaya maka cewa al'adar mahaya tun kaka da kakanni ita ce a nuna wa doki ƙarfi tun ranar farko, a ɗaure shi tamau, a rage masa abinci, a ɗora masa sirdi, a yi ta zuba masa bulala har ya gaji ya sallama, domin wai dokin da bai ji tsoron ubangidansa ba ba zai taɓa yi masa biyayya ba. Ka kuma tambaye ni ko horon lallashi da kake gani a bidiyo sabon yayi ne kawai wanda ba shi da asali a wurin magabata.

Ka sani cewa hanyoyin nan biyu duka tsofaffi ne, kuma tun da daɗewa gwanayen hawa suna ɓangare guda, masu gaggawa suna ɗaya ɓangaren. Fiye da shekaru 350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani jarumin Girka mai suna Zenofon ya yi rubutu a kan hawan doki, ya gargaɗi mahayi da kada ya kusanci dokinsa yana cikin fushi. Ya kuma yi bayanin cewa idan doki ya tsorata da wani abu, sai mutum ya taɓa abin da hannunsa, ya jawo dokin kusa a hankali, domin wanda ya doke shi a wannan lokacin ƙara masa tsoro ya yi, tunda dokin zai ɗauka abin da ya gani ne ya jawo masa zafin. A shekarar 1550 wani malamin hawa a birnin Napoli na Italiya, Federico Grisone, ya fitar da littafi mai cike da hanyoyin azabtarwa, kuma ya samu mabiya da yawa. Ba a jima ba sai ga Antoine de Pluvinel a Faransa, wanda ya koya wa Sarki Louis na 13 hawa, ya rasu a 1620, yana koyar da haƙuri da yabon doki idan ya yi daidai. Saboda haka wanda ya ce maka duka ne al'ada, rabin labarin ya ba ka.

Inda horon ƙarfi ya fi yin tasiri shi ne inda dawaki suka yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Rundunar yaƙi da ke bukatar dawaki masu yawa kafin a fita fagen daga, ko makiyayan shanu na yammacin Amurka da suke kamo dawakin da suka girma a daji ba su taɓa jin hannun mutum ba, ba su da watannin da za su ba kowane doki, don haka suka riƙa karya shi cikin 'yan kwanaki, wanda ya lalace a yar da shi a kamo wani. Kai kuwa duƙushi ɗaya gare ka, kuma babu mai kora ka. Ko a can Amurkan ma, daga cikin makiyayan ne aka samu irin su Tom Dorrance da almajirinsa Ray Hunt, waɗanda suka shafe rayuwarsu suna nuna wa mutane cewa aikin ya fi kyau idan an bar dukan.

Kafin ka ɗaga hannu a kan doki, ka fahimci irin halittarsa. Dabba ce da namun daji ke farauta, kuma makaminta na farko gudu ne. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa da abin da ke dab da goshinsa, shi ya sa mutumin da ya ɓullo masa ta baya ba tare da ya yi magana ba yakan sha harbi. Fatarsa kuma tana jin saukar ƙuda har ta yi rawa ta kore shi. Dabbar da take jin ƙafar ƙuda ba ta bukatar a tsaga mata fata kafin ta san ana yi mata magana. Yawancin abin da mutane ke kira taurin kai a wurin duƙushi, tsoro ne ko rashin gane abin da ake nema daga gare shi.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai shi ne yadda doki yake koyo. Ba daga matsin da ka yi masa yake ɗaukar darasi ba, daga sassaucin da ya biyo baya yake ɗauka. Ka sa masa ragama, ka tsaya a gefen kafaɗarsa ta hagu, ka ja igiyar kaɗan, ja mai sauƙi wanda bai wuce nauyin hannunka ba, sannan ka jira. Zai ɗaga kai, zai ja baya, wataƙila ya kafe ƙafafu. Kada ka ƙara ƙarfi, kada kuma ka saki, ka riƙe a yadda kake. A ƙarshe zai gwada matsowa, ko da taku ɗaya ne, ko ma ya karkato da nauyinsa gaba kawai. A wannan ƙiftawar idon za ka saki igiyar gaba ɗaya, ka shafa masa wuya, ka bar shi ya huta. Abin da ya shiga kansa shi ne cewa matsowa ce ta kawo sauƙi, kuma idan ka maimaita za ka ga yana matsowa tun kafin igiyar ta miƙe. Idan kuwa ka makara da sakin, ya yi daidai amma kana ci gaba da ja, to ka koya masa cewa biyayya ba ta da amfani. Idan kuma ka saki a lokacin da yake fizge kai, ka koya masa fizga da hannunka. Duk sauran horon, tsayawa, ja da baya, juyawa, ɗaga kofato, har amsa wa dugadugan mahayi, a kan wannan ƙa'ida ɗaya aka gina su, kuma gwanintar mai horo ita ce iya lokacin saki.

Wannan ne ma dalilin da ya sa duka ba ya koyar da abin da mai dukan yake nufi. Doki yana haɗa sakamako ne da abin da ya aikata a cikin 'yan daƙiƙun da suka gabata. Mutumin da dokinsa ya kayar, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya bi shi ya kamo, sannan ya rufe shi da bulala, ya hukunta shi ne a kan tsayawar da ya yi aka kama shi, gobe kuwa kama shi zai yi wuya. Akwai kuma wani abu da mutane ke ruɗuwa da shi. Dokin da aka azabtar har ya ga babu abin da zai yi ya tsira, yakan yi shiru, ya daina gardama, idanunsa su mutu, sai a ce ya horu. A ganina wannan dokin ya fi mai tutsu haɗari, domin tsoron yana nan a cikinsa, ya daina nuna shi ne kawai, kuma ranar da wani abu ya fi bulalar ba shi tsoro, babu linzamin da zai tsayar da shi. Dabba mai nauyin kilo 400 ko 500 ba a riƙe ta da ƙarfin damtse.

Kada ka ɗauka lallashi yana nufin ka bar shi ya yi abin da ya ga dama. Duƙushin da aka shagwaɓa, yana cizon hannu, yana ture mutum da kafaɗa, yana taka ƙafa, shi ma an cuce shi, domin idan ya girma wani zai gyara shi da sanda. Idan ya shigo jikinka ba ka kira shi ba, ka mayar da shi baya nan take, ka kaɗa igiya, ka ɗaga murya idan ta kama, da zarar ya ja baya kuma magana ta ƙare, babu riƙo. Bulala ma ba a hana ka riƙe ta ba, amma ka mayar da ita tsawon hannunka, ka taɓa cinyarsa da ita a hankali kana maimaitawa har ya matsa, sannan ka daina. Fuska kuwa ka kiyaye ta ƙwarai. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, kuma dokin da aka taɓa mara a kai yakan yi shekaru yana ƙin a sa masa linzami.

Sirdi ba a fara shi da sirdi. Ka fara da tsumma, ka bar shi ya shinshina, ka goga masa a wuya, ka janye tun kafin ya firgita, ka dawo ka ƙara matsawa zuwa gadon baya, zuwa ciki, zuwa ƙafafu. Kana yi kana duban kunnuwansa da bakinsa da wutsiyarsa. Idan ya ɗaga kai sama, farin idonsa ya bayyana, leɓɓansa suka ɗaure, numfashinsa ya tsaya, to ka kai iyakar abin da zai iya ɗauka a yau, ka koma inda yake da natsuwa. Idan ya sauke kai, ya saki numfashi, ya sassauta ƙafar baya ɗaya, ka ci gaba. Bayan ya saba da tsumma sai shimfiɗar sirdi, bayan ita sai igiya mai laushi da za ka zagaya masa a ƙirji kana matsawa kana saki, domin majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, shi ne abin da ya fi tayar wa duƙushi hankali, ba nauyin sirdin ba. Ranar da ka ɗaura majayin gaske, ka ɗaure kaɗan, ka zaga da shi, ka ƙara kaɗan. Darasi gajere kullum ya fi dogo sau ɗaya a mako, kuma ka riƙa tsayawa a kan abin da ya yi daidai.

Maganar linzami tana bukatar ka tsaya ka duba da idonka. Ka sa yatsa a gefen bakinsa, tsakanin haƙoran gaba da turame, za ka ji wani fili da babu haƙori, ƙashi ne da siririn dasashi a kansa. A nan ƙarfen yake zama. Linzami mai kaifi ko mai dogon hannu, idan aka fizge shi, wannan wurin yake murjewa tare da harshe, har ya yi miki, bayan ya warke kuma dokin ya koyi dannewa da jurewa, sai a ce yana da taurin baki, a nemo masa wanda ya fi na farko tsanani. Ka koya masa tsayawa da juyawa da ragama tukuna, a ƙasa, har sai yana amsa wa yatsu biyu. Bayan haka ka sa masa linzami mai santsi, ka bar shi ya ɗauke shi a baki na ɗan lokaci ba tare da an ja ba. Ka kuma tuna cewa daga wajen shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi doki yana famfarar haƙoran gaba, turamensa ma suna canzawa, don haka bakinsa yakan yi ciwo a daidai shekarun da ake fara horonsa.

Ka ce naka bai cika shekara biyu ba, to kada ka yi gaggawar hawa. Tsayinsa zai yaudare ka, amma ƙasusuwan bayansa su ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara biyar zuwa shida suke gama ƙarfi. Hawa mai sauƙi a shekara uku babu laifi, sukuwa mai tsawo da zamiya kuwa a jinkirta su. Ranar hawan farko ka samu wanda dokin ya sani ya riƙe ragama, ka kwanta da cikinka a kan sirdi ka sauka, ka maimaita, sai ya daina kulawa sannan ka ƙetara ƙafa, kana sunkuye, domin ganin mutum a tsaye bisa bayansa sabon abu ne a idonsa.

Game da bidiyon da kake kallo, ka ɗauki mai amfani amma kada ka ruɗu da saurin da ake nunawa. Ba'amurke Monty Roberts ya yi suna bayan da ya nuna hanyarsa a gaban Sarauniya Elizabeth ta biyu ta Ingila a 1989, inda yake kora doki a cikin zagayayyen shinge har ya juyo ya bi shi, sannan a ɗora masa sirdi da mahayi cikin wajen rabin sa'a. Ya taimaka wajen sa mutane da yawa ajiye bulala, wannan ba a musunsa. Amma a 2012 masu bincike daga Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun yi irin wannan korar da ƙaramar motar wasa mai rimot, suna tsayar da ita duk lokacin da doki ya juyo, kuma aka samu dawakin da suka koyi matsowa kusa da motar. Ka ga ke nan matsi da sassauci ne suke aiki, ba wani sirri ba, kuma kora mai yawa ita ma tsoratarwa ce ko da ba a taɓa jikin dabba ba. Dokin da aka hau cikin rabin sa'a an hau shi ne kawai, horonsa yana nan gaba da watanni.

Su kuwa dattawan da suka ba ka shawara, kada ka yi musu gardama a bainar jama'a, ka saurare su, domin sun san abubuwa da yawa game da ciwo da kiwo da kofato waɗanda za ka bukata. Ka dai nemi alfarma cewa kai za ka riƙa kama duƙushinka da kanka, kada hannaye su yi masa yawa, kowa da irin alamarsa. Batun rage masa abinci ka yi watsi da shi gaba ɗaya, cikin doki ƙarami ne kuma an halicce shi ya yini yana kiwo kaɗan-kaɗan, yunwa mai tsawo gyambon ciki take jawo masa. Idan wata rana ya ƙi abin da ya saba yi, ka fara duba bayansa da bakinsa da kofatansa kafin ka zarge shi. A watannin nan ka tsaya a kan ragama, da ja da baya, da ɗaga ƙafafu huɗu, da tsayuwa a turke cikin natsuwa, sannan ka kira likitan dabbobi ya duba haƙoransa kafin ƙarfe ya shiga bakinsa. Ka rubuto mini yadda yake amsa igiya, sai mu yi maganar sirdin da zai dace da bayansa. Ka gaishe mini da mutanen gida. Wassalam.

Baffanka.