Amsa ga ƙanwata kan maigidanta da ya bugu a kai

Salamu alaikum jama'ar gurup. Ƙanwata, na ji muryarki, kin ce tun da maigidanki ya faɗi da kabu-kabu ya bugu a kai wata 4 kenan, ba ya barci, ga mantuwa ga saurin fushi, ko ƙarar mashin ya ji sai jiki ya kama rawa. Allah ya ba shi lafiya. Wallahi na san abin nan, na yi jinyar ƙanena haka.

Ki gane, ciwo biyu ne a jikin mutum ɗaya. Akwai bugun da ƙwaƙwalwa ta sha, akwai kuma firgitar da ta zauna mishi a rai, wadda in ta wuce wata 1 yana mafarkin hatsarin yana gudun hanyar da abin ya faru to ta zama ciwo mai zaman kanta, kuma ana maganinta. Kuskuren da munka yi mu, sikana, wato hoton kai, ta fito lafiya sai munka ce shi kenan, ashe hoto ba ya nuna komai da komai, firgita kuma sam ba ta fitowa a hoto.

Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su ba ku takarda zuwa CHR, babban asibitin jiha, ko Opital Referans nan Maradi, ki ce kuna son ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ki buɗe baki ki nemi mai kula da lafiyar hankali, kar ki ji kunya, ba hauka ba ne. In hannu ko ƙafa ta yi nauyi a haɗa da kine, wato gashi da motsa gaɓoɓi. In an ce sai Yamai ko Damagaram, ku tafi da karne, wato littafin asibiti, da duk ordonans, takardun magani. Ki riƙa rubuta abin da kike gani kullum, don shi zai manta gaban likita.

Batun kuɗi, ki tambayi sabis sosiyal, ofishin taimakon marasa hali, cikin asibitin, ki je meri, ofishin magajin gari, neman takardar rashin hali.

Don Allah kar a sayo mishi tramol ko ƙwayar barci a tebur, tramol na iya tayar da farfaɗiya ga mai bugun kai. Addu'a a ci gaba da ita, tare da magani. Amma in kin ga amai, ko jijjiga, ko barci mai nauyi ba ya tashi, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a daren ku tafi irjans, wato sashen gaggawa na asibiti, kar a jira safiya. Ranar da za ku je ki kira ni in raka ku.